Guzurin Bakin Teku

Ban taɓa ganin teku ba har yau. Ruwa mafi girma da na sani shi ne Kubanni idan ya cika a tsakiyar damina, shi ma daga cikin mota nake hangensa a kan gada, na rungume yarinyata gam kamar wani zai fizge ta. Amma in aka tambaye ni yadda iskar bakin teku take, ina da abin faɗa, domin na taɓa tsare ta kwana goma sha tara a ƙarƙashin tukunya, a tsakar gidanmu, nan cikin birnin Zazzau.

Maigidana ma'aikacin gandun daji ne. Abin da ya karanta ke nan, itatuwa da namun daji. Ya gama ya zauna shekaru yana jiran aiki, yana taya wani kawunsa rubutu a zaure. Lokacin da takardar ɗauka ta zo, 'yarmu ba ta daɗe da fara tafiya ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba mai kiran sunan a gidan, Ƙaramar Inna muke ce mata. Aka yi ta shigowa barka. Sai da jama'a suka watse ya gaya min inda aka tura shi: wani gandun daji na gwamnati a can kudu, inda ƙasa ta ƙare. Kwana biyu a mota, sannan babur, sannan kwale-kwale.

Na ce, "Malam, ka iya ruwa?"

Ya ce, "Akwai rigar da suke bayarwa, ba ta nitsewa."

"Rigar ce ba ta nitsewa, ko mai rigar?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Haka Allah ya yi ni, yarinya ta yi tari ɗaya sai na taɓa goshinta sau goma. Karatuna bai wuce aji shida na firamare da Islamiyya ba, ban san taswira ba, amma na san ruwa yana cin mutum. Ga shi kuma yana da gyambon ciki tun yana makaranta, barkono da manja ba sa zama masa. Abu ɗaya na ga zan iya yi masa, shi ne guzuri.

Inna, surukata, ita ce gwanar guzuri a unguwarmu. Duk mai tafiya aikin hajji daga lungunmu ita ake kawo wa gero da nama ta haɗa masa, kuma ba a taɓa dawowa an ce nata ya lalace ba. Ta zaunar da ni ta ce, "'Yar nan, busasshen abu iska yake so. Kika toshe shi sai ya yi gumi ya ɓaci. A ƙyalle ake zuba shi, ko a fata." Haka kowa ke yi a nan, kuma a nan gaskiya ne. Kukarmu takan shekara a jakar ƙyalle, rataye a ƙusa, ba abin da ke samunta.

Kwana shida muka yi muna aiki. Muka shanya kuɓewa a saman soro har tana ƙara in an taɓa, muka daka kuka, muka tankaɗe garin dawa da na kunu, muka kirɓa daddawa da gishiri, ga yaji marar zafi saboda cikinsa, ga dambun nama da Inna ta soya da hannunta. Na yanka tsohon zanena na ɗinka jakunkuna tara. Daddawa da dambun kuwa a jakar fatar marigayi mahaifinsa aka zuba su. Ya tafi bayan an gama girbi.

A can babu sabis ɗin waya sai ya hau wata hasumiyar katako da suke hangen daji daga kanta. Talata da Juma'a yake hawa, bayan azahar. Ni kuma in ajiye duk abin da nake yi in shiga ɗaki. A waɗannan kiran na san wurin. Ya ce rairayi ne fari, siriri, ya miƙe tsakanin teku da wani ruwa mai kwanciya a bayansa, da bishiyoyin kwakwa jere a kai. Bayan ruwan akwai itatuwa da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyinsu, kamar mutanen da suka naɗe wando za su tsallake rafi. Can ciki kuma kurmi ne, rana ba ta kaiwa ƙasa. Ya ce babu dutse ko ɗaya, in da za a ɗauko dutsenmu na Kufena a ajiye musu, da sun taru kallo. Ruwan yana zuwa yana komawa sau biyu a yini, ba don an yi sama ba. Inda ka bi da kwale-kwale da safe, da rana laka ce, kaguwa sun fito suna ɗaga hannu ɗaya babba, da wasu ƙananan kifaye masu idanu a ka, suna ja da ciki a kan taɓo.

Na ce, "Kifi a tudu? Malam, ka dai ci abinci yau?"

Ya ce wallahi gaskiya ne, zai turo hoto.

Ya ba ni labarin aku masu tashi garke-garke da hantsi, da birai masu farin gemu da suke leƙen ɗakinsa, da ranar da ya ga ayu ya ɗago hanci ya shaƙi iska kusa da kwale-kwalensu, shi da yake jin sunan ayu a bakin masu magani kawai. Aikin da ya fi so shi ne na kunkurun teku. Da asuba yake bin rairayi yana neman sawunsu, inda uwa ta fito ta haƙa rami ta binne ƙwai ta koma. Sai ya kafa alama ya kewaye wurin, don kada karnuka ko masu ɗiban ƙwai su tone. In yana wannan magana muryarsa takan canja, kamar ba mutumin da ya yi shekaru yana zaune shiru a zaure ba.

Kowane kira sai na ce, "Guzuri fa?"

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ban taɓa jin ya ce yau na sha kunu, ko kukar nan ta yi daɗi ba. Na lura da hakan, na yi ta juya shi a raina, amma ban tambaya ba.

Ya dawo hutu na wata guda a tsakiyar bazara. Da ya yi sallama a zaure na leƙo, sai da na dafa bango. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Inna ta ce wahalar hanya ce. Da na buɗe kayansa don wanki na ga jakunkunana tara an wanke su an ninke, amma a bakin ɗinki akwai ɗigo-ɗigo baƙi, da wani wari kamar na ɗakin da ya shekara a rufe. Jakar fatar kuwa ba ta cikin kayan.

Na jira har ya ci abinci, Inna ta shiga sallar la'asar. Na ajiye jaka ɗaya a gabansa na juya ɗinkin waje.

Ya dube ta ya ce, "Kwana goma."

"Me ya yi kwana goma?"

"Guzurin. A rana ta biyar garin ya dunƙule. Kukar ta yi gashi. Jakar Baba ta koma kore shar, ciki da waje. Na zubar a bayan ɗaki, biran ma suka sunsuna suka wuce."

Ya so in yi dariya. Na ce, "Wata biyar, Malam. Me kake ci?"

Ya ce garin rogo, da miyar da abokan aikinsa ke yi, kifi da manja da barkono. Mutanen kirki ne, sukan rage masa barkonon, amma abin da suke kira ragewa shi ne namu na biki. Sau biyu aka kai shi asibiti a kwale-kwale. Likita ya ce in bai samu abincin da cikinsa ya saba da shi ba, gara ya bar wurin. Kasuwa mafi kusa tafiyar yini ce, ba a ma san kuka ba a cikinta.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kwana shida kuna aiki ke da Inna. Da wane baki?"

Sannan ya ce ya rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin fayil ɗinsa, bai miƙa ba. Zai koma ya gwada wannan daminar. In ta wuce bai warware ba, zai miƙa ya dawo gida.

Ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. In na yi shiru, na sake ɗinka jakunkuna kamar na farko, kafin kaka mijina yana gida, nesa da ruwa, ba wanda zai ce laifina ne. Na kwana biyu da wannan tunani. A rana ta uku na same shi a tsakar gida ya ɗora Ƙaramar Inna a cinya yana nuna mata hoto a waya, 'ya'yan kunkuru kamar murfin kwalba suna rububin shiga ruwa. Yana ce mata, "Wannan ramin ni na tsare shi, kwana hamsin da wani abu." Na ga fuskarsa. Na koma madafi na zauna a kan turmi, na ce to, sai a nemi yadda za a yi.

Da yamma na ce ya faɗa min yadda iskar take, ba yadda wurin yake ba. Ya ce ko a watannin da suke kira rani, in ka shanya riga da safe, da magariba tana nan da sanyinta. Gishiri in ka bar shi a faranti sai ya zama ruwa. Ashana ba ta kamawa sai ka ɗumama ta a hammata. Takalmin fata kwana kaɗan ya yi funfuna. Zafin kuma ba irin namu ba ne mai ƙona fata, irin na ɗakin mai jego ne bayan an sauke ruwan wanka.

Wannan na ƙarshen shi ya buɗe min kai, don na yi jego na san ɗakin. Na ce a raina, in iskar can ta fi ƙarfin guzurina, ai gara ta ci shi a gabana in ga ta inda take shiga, da ta ci shi a can ba na gani.

Na aro babbar tukunyar biki a maƙwabta. Na zuba ruwan ɗumi a baho na barbaɗa gishiri, na jera bulo biyu a ciki, na ɗora faifai, na kifa tukunyar a kai, na toshe gefen da jiƙaƙƙen buhu. A kan faifan na sa gishiri a murfin kwalba, da ashana, da tsohon takalmin fata na yarinya. Su ne shaiduna. Ranar farko a rana na ajiye, da na ɗaga da azahar tururi ya buge ni, na ga dafuwa nake yi ba gwaji ba. Na ja kayan zuwa bayan randa, gindin darbejiya, inda rana ke taɓawa kaɗan da hantsi. Safe da yamma ina canja ruwan da mai ɗumi.

A rana ta uku gishirin ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa. Na kira maigidan na ce ya sa kansa a ciki.

Ya ce, "A tukunyar?"

"Ba kowa a tsakar gidan sai mu."

Ya durƙusa ya cire hula, na ɗaga gefe ya tura fuska. Ya ɗan jima. Da ya fito gemunsa da raɓa, ya ce, "Saura sauro da ƙarar ruwa."

A daidai nan Inna ta fito da buta. Ta dubi ɗanta a durƙushe, ta dubi tukunya, ta dube ni.

"Turaren me ake yi masa?"

Dole aka gaya mata komai. Ta zauna a bakin rijiya ta ce, "Guzurina ya je Makka ya dawo. Ba sau ɗaya ba."

Ya ce, "Inna, Makka ai ta fi nan bushewa."

"To shanyar ce ba ta yi ba. Na ce a ƙara kwana biyu, ana sauri."

Da ni take. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki shanya da hannunki yadda kike so, mu sa a ciki tare da nawa. In naki ya tsira, shi za a yi masa." Kafin ranar ban taɓa mayar mata da magana ba. Ta ce a kawo mata kukar.

Ta shanya tata kwana uku, ta zuba a sabon ƙyalle ta ɗaure. Ni kuma na rarraba nawa. Wani a ƙyalle, wani a leda, wani a gwangwanin madara mai murfi, wani a ƙananan gorunan roba irin waɗanda ake zuba zoɓo. Ba na iya rubutu da sauri, don haka da zare na yi alama: ja na abin da ba za a buɗe ba, baƙi na wanda zan riƙa buɗewa kullum a cikin tukunyar in ɗiba kaɗan, kamar yadda zai yi in zai dafa. Ƙaramar Inna ta ɗauka wasa ne, kullum sai ta tsuguna kusa da ni tana cewa a buɗe teku. Ni kuwa tsoron bahon nake, ko fitsari zan shiga sai na goya ta.

Na bi lungu ina roƙon goruna. Maƙwabciyarmu da na aro tukunyar a gidansu ta ce, "Sana'ar zoɓo za a fara, ba a gaya mana mu zo ɗanɗano ba?" Na ce in ya nuna za ta ji.

A rana ta shida takalmin ya fara fari-fari. A ta goma na ɗaga tukunya, Inna tana tsaye a kaina, na miƙa mata ƙullinta ban kwance ba. Ta kwance da kanta. Kukar ta dunƙule, ta yi wani gashi mai laushi a gefe. Ta kai hanci, ta ɗaure, ta ajiye a ƙasa.

"Wace irin ƙasa ce wannan, da iska ke ruɓar da abu?"

Ta juya ta shige ɗakinta. Amma washegari da na fito na tarar ta wanke goruna goma sha biyu ta kife su a kan karan dawa suna tsanewa.

Nawa ma ba duka suka tsira ba. Na leda ya yi gumi. Gwangwanin da ban buɗe ba lafiya lau, wanda nake buɗewa kullum kuwa a kwana na goma sha ɗaya ya fara wari. Nan na gane ba mazubi ne kawai ba, yawan buɗewa ne. Duk buɗewa ɗaya iskar tana shiga ta zauna. Ke nan babban mazubi ba shi da amfani, sai ƙanana, wanda in ya buɗe zai cinye a kwana biyu ko uku. Daddawa da yaji su suka fara jiƙewa ko a gora, na rasa dalili, sai da na tuna shaidata ta farko. Gishirin da muka kirɓa a ciki shi ke jawo ruwan. Na sake yin wasu babu gishiri, suka zauna. Akwai kuma goruna biyu da na ga raɓa a cikinsu alhali ban buɗe ba. Na yi ta tunani har na tuna da sassafe na cika su, garin kuma da sauran ɗuminsa daga tukunyar suya. Waɗanda na cika da azahar, garin ya huce sarai, rana tana tsakiya, ko ɗigo babu. Na narka kyandir na tsoma bakin kowace gora bayan na murɗe murfin.

Dambun nama ya ba ni kunya ta kowace hanya. A ƙyalle ya yi funfuna, a gora ya yi ɗaci. Inna ta ce a ƙara soya shi, aka ƙara, bai hana ba. Muka haƙura da nama. Ya ce masunta na can suna ƙyafe kifi da hayaƙi, zai riƙa saya. Sai ga ni ina koya wa mijina kaɗa miyar kuka da busasshen kifi, Inna tana daga ɗaki tana cewa ya rage wuta, ya cika gaggawa tun yana yaro.

A rana ta goma sha tara na ɗaga tukunyar na fasa kyandir ɗin gora ɗaya mai jan zare. Garin ya zubo a tafin hannuna yana gudu kamar rairayi. Na dama kunu da shi na kai wa Inna kofi na farko. Ta kurɓa, ta ce tsamiyar ta yi yawa. Ta shanye.

Saura kwana bakwai ya koma. Na lissafa watannin damina, na ga abin da zai iya ɗauka ba zai kai shi ba, sai an aika masa da ƙari. Amma in na bari sai damina ta sauka a nan sannan na cika na biyun, iskarmu ma a lokacin da laimarta. Don haka duka muka yi a wannan satin, ni da Inna, da azahar, zufa tana zuba, muna cikawa muna toshewa. Rabi ya tafi da shi a buhu biyu. Rabi na jera a ƙarƙashin gado, daga baya wani direban motar albasa ɗan unguwarmu ya kai masa har garin da ake hawa babur.

Mun raka shi tashar Ƙofar Doka da safe. Da zai shiga mota na ce, "Malam, wannan karon in ya lalace ka faɗa min ranar da ya lalace. Ba na son alhamdu lillahin nan taka mai rufe magana."

Ya ce, "Astagfirullah. To, na ji."

Daminar can ba irin tamu ba ce. Sai a yi kwana huɗu ana ruwa ba a ɗauke ba, hasumiyar ta yi santsi ba ta hawuwa. Akwai lokacin da na yi kwana goma sha biyu ban ji muryarsa ba. Na rame har Inna ta ce ko ni ma a cika min gora. In ya samu hawa, kafin gaisuwa ta ƙare nake cewa, "Ta nawa ka buɗe?" Ya ce ta tara, lafiya. Ta goma sha shida, lafiya. Sau ɗaya ya ce gorar kuɓewa ɗaya ta yi wari, kyandir ɗin ya tsage a hanya. Na ji daɗin wannan labari fiye da sauran, don daga nan na yarda gaskiya yake gaya min. Ya ce abokan aikinsa sun ɗanɗana miyar kuka, ɗaya ya ce kamar an dafa ganyen shayi da yauƙi, amma ya ƙara cokali biyu. Ya ce birai sun sace gora ɗaya sun kasa buɗewa, sun jefo masa ita daga kan bishiya.

A hankali labarin cikinsa ya ragu a bakinsa, na ruwa da tsuntsaye ya ƙaru. Ban sake jin an kai shi asibiti ba.

Kiran da nake jira ya zo ne wata Talata, a nan an fara yankan gero. Ina tsakar gida ina tsefe wa yarinya kai. Ya ce ruwa ya fara ɗaukewa, jiya da asuba ya ga sawun kunkuru na farko a bana, faɗinsa ya kai tabarma. Ya ce likita ya duba shi ya ce ya ci gaba da duk abin da yake ci. Sannan ya ce shugabansu ya tambayi wanda zai riƙe aikin rairayin har a gama ƙyanƙyasa, ya ba da sunansa.

Na ce, "Takardar fa?"

"Ba zan miƙa ba." Sannan ya ce, "Kin ji haushi?"

Na ce, "Gora nawa ta rage?"

Ya ce shida. Na ce to ya riƙa tsallake rana ɗaya har iska ta bushe a nan in cika wasu.

Da na ajiye wayar Inna tana ƙofar ɗakinta, ta ji komai. Maƙwabciyar nan mai maganar zoɓo ta shigo aron rariya a lokacin, Inna ta ce mata, "Yaron nan ya zauna a aikinsa. 'Yar nan ce ta gano kan abin, da tukunyar gidanku." Ba ta dube ni ba da ta faɗa, ni ma ban ɗago ba, na ci gaba da tsifa. Amma na ji maganar har tafin ƙafata. Ni da ko takardar asibiti sai an karanta min, na zauna a lungunmu na gane halin iskar wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, mijina yana can yana aikin da yake so da ƙarfinsa. Na kuma san da hannuna na ƙara masa wata shida a bakin ruwan da nake tsoro. Duka biyun suna nan a raina, ban ce ɗaya ya kori ɗaya ba.

Ƙaramar Inna ta ɗago kai, rabi a tsefe, ta ce, "Yaushe Abba zai zo?"

Na ce, "Sai 'ya'yan kunkuru sun fito sun shiga ruwa."

"Su kuma wa zai kai su?"

"Da ƙafarsu suke zuwa. Shi dai yana tsaye ne kada wani abu ya taɓa su."

Ta yi tunani, ta mayar da kanta kan cinyata, ta ce in yi a hankali, ina ja mata gashi.